Awon Rigar Iya Mai Shara

Ranar da mai zanen gini ya ɗora mata tef a kafaɗa, Iya Mai Shara ta riƙe numfashi har cikinta ya lafe, don kada a ɗinka mata riga kamar buhu. Ya auna tsayi, ya auna hannu, har da faɗin goshi. Ta so ta tambayi haɗin goshi da riga, sai ta tuna masu ilimi ne, ta haɗiye.

Shekara ashirin da shida tana share zauren baƙi na gandun daji, inda masu zuwa kallon giwaye ke yankar tikiti. A bayan zauren akwai ɗaki ɗaya, nan take zaune da mijinta, tsohon ma'aikacin daji da ɓauna ta karya wa ƙugu. Yanzu an ce za a rushe zauren a yi na gilashi, kuma ɗakin nan ne ke cin ranta.

Ta daure ta tambaya ko akwai wurinta a sabon ginin. Mai zane ya warware takarda, ya ɗora yatsa kan hoton wata mata riƙe da tsintsiya a tsakiyar falo.

"Ga ki nan, Iya. Ba mai motsa ki."

Ya roƙi tsohon zanenta da tsintsiyar. Ta ƙara masa da ɗankwali.

* * *

Kafin la'asar babu matar ma'aikacin da ba ta ji ba. Matar direba, mai yawan cewa korarsu za a yi, har madafa Iya ta bi ta, ta shaida mata an sa ta a takarda, har awon kayan aiki an yi mata. Mijin ne kaɗai bai yi murna ba. Daga kan tabarma ya tambaya ko ta ga ɗaki a zanen. Ta ce wanda ko bakin ƙofa ba ya iya kaiwa, shi zai koya wa injiniya gini?

Aka rushe zaure, aka haɗa da ɗakin. Aka mayar da su rumfar tsofaffin tayoyi, wai na ɗan lokaci. Damina biyu suka yi a ciki. Ta biyun ce ta shiga ƙirjin tsohon, ta tafi da shi. Iya ta ci gaba da jiran riga.

* * *

Ranar buɗe gini ta ci ado, ta zo da sabuwar tsintsiya. Mai gadi, ɗan ƙanen mijinta ne, ya tare ta yana kallon ƙasa. Ya ce shara an ba kamfani, rumfar ma gobe za a cire ta, wurin ajiye motoci ne.

"Ki yi haƙuri, Iya. Shiga sai da tikiti."

Ta zagaya ta manna fuska a gilashi. Can tsakiyar falo, tsakanin zaki da ɓauna da aka cusa wa auduga, ga mutum-mutumin wata tsohuwa sanye da zanen Iya, riƙe da tsintsiyarta. Goshin kuwa sak, awo bai yi ƙarya ba.

Matar direba ta matso, ta karanta mata allon da ke ƙasa a hankali, kalma kalma: mazauna dajin a zamanin da. Ta gyara mayafi.

"Ai kuwa ya cika alkawari, Iya. Ba mai motsa ki."

Wata mata cikin rigar kamfani ta goge wa mutum-mutumin goshi da tsumma. Sannan ta nufo gilashin, ta yi wa Iya alama da hannu ta matsa, ta fito ta goge maiƙon da goshin Iya ya bari.