Rabon Duna da Soja

Ɗan'azumi mahauci ya naɗe ƙullin a takardar siminti, ya miƙa wa Mama Rebeka da hannu biyu, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Huhu ne da ɗan tumbi, Mama. Na wanke su tas."

"Babu ƙari?" ta tambaya a hankali.

"Wallahi iyakar mai kyan ke nan."

Ta karɓa ta fito daga kwata, zuciyarta ba daɗi. Ƙullin nan ko kare ɗaya ba zai ƙosar ba, ita kuwa biyu gare ta.

Duna da Soja su ne abin da mijinta, marigayi Baban James, ya bar mata. Direba ne na wani Baturen kamfanin hanya, da Baturen zai koma ƙasarsu ya ba shi su suna 'yan kwikwiyo. A zamanin maigida shinkafa suke ci da dafaffen nama, wata rana har da kifin gwangwani, kai ka ce 'ya'yan gwamna ne. To, maigida ya rasu, tsada ta faɗo wa ƙasa, fanshon tsohuwar ungozoma kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Malam Abdulsalami likitan dabbobi ne ya ba ta shawara ta daina ƙona kananzir a banza. Ya ce ta nemi kayan ciki sabon yanka ta riƙa ba su ɗanye, da kaɗan da kaɗan har cikinsu ya saba, maganin tsutsa kuma ta bar masa.

Karnuka sun karɓi sabon abinci da rawar wutsiya. Sai dai ba ya isa, har haƙarƙarin Soja ya fara ƙirguwa. Da ɗanta James ya zo daga Minna makon jiya ya gan su, ya rantse yau ɗin nan zai dawo da akori-kura ya kai su gonar wani abokinsa a Rijau. Ita kuwa in ban da su, wa zai tarye ta a bakin ƙofa?

Abu ɗaya ne ba ta taɓa gaya wa Ɗan'azumi ba: cewa na karnuka take saya. Ta tsufa cikin Musulmin Kontagora, ta san yadda suke ƙyamar kare. Da wane baki za ta tsaya gaban teburin da aka yi bisimilla aka yanka, ta ce a ba ta na kare?

Tana shiga gida suka rufe ta da tsalle. Ta kwance ƙullin, sai ga tsoka ja zur an cusa ƙarƙashin huhu, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Ta jefa wa karnukan huhun, ta girgiza kai, ta ce lalle idon mahaucin nan ya fara rauni. Ba ta rufe baki ba sai ga sallamar maƙwabciyarta Hadijatu, ɗauke da kwanon dawa, idonta taf da hawaye.

"Haba, Maman James! Ke da kika karɓi haihuwar rabin unguwar nan, a ce kina cin huhu a ɓoye muna raye?"

"Ni? Wa ya ce?"

"Ɗan'azumi ya gaya wa matarsa, ya ce ta rufa miki asiri. Ita ma ni kaɗai ta gaya wa. Ni ma Lauratu kaɗai na gaya wa, tana nan tafe da manja."

Mama Rebeka ta nuna mata bayan ɗaki. Duna na tsaye da huhu a baki, yana kaɗa wutsiya. Hadijatu ta dube shi, ta dubi kwanon dawarta, sai dariya ta ƙwace mata har ta zauna a turmi tana riƙe ciki. Mama Rebeka ma ta yi dariyar, amma kunya ta fi yawa. Ashe tsokar nan sadaka ce.

Ta ɗaura ɗankwali ta koma kwata da tsokar a hannu. In ya ji haushi ya hana ta, shi ke nan, James ya yi nasara.

"Malam Ɗan'azumi, ka yafe mini. Ba ni nake ci ba. Karnukan marigayi ne."

Ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallonta, har ta fara neman hanyar fita.

"Karnuka?" ya ce. "Mama, karnuka? Ni ina nan kullum ina tsince miki wanda mutum zai iya ci, ina wankewa ruwa uku, ina komawa gida raina a ɓace!"

Ya ajiye wuƙar ya kama dariya, ya ce ta biyo shi. A bayan rumfa ya nuna mata wani bokiti cike da maƙogwaro da saifa da guringuntsi, duk yankan safiyar nan. Ungulaye sun jeru a kan katanga suna jira.

"Wannan fa kullum su nake zuba wa, ko godiya ba sa yi. Ki riƙa zuwa da bokitinki kafin rana ta yi zafi. Amma don Allah kada ki kawo su nan su gaishe ni."

Da la'asar James ya iso da akori-kura da igiya biyu. Ya tarar da Duna da Soja sun miƙe a inuwar mangwaro, ciki ya yi tim, ko haushi sun kasa yi masa. Ya leƙa bokitin, ya dubi uwarsa tana ta murmushi, ya jefa igiyoyin bayan mota.

"To tun da ka zo, zauna ka ci abinci," ta ce.

Ta ɗauko ƙaramin ƙullin tsokar da Ɗan'azumi ya ƙi karɓa, ya ɗora mata a kan bokitin da za ta tafi. Cewa ya yi wannan na mai karnukan ne, kuma a dafa shi.