Katin Aljihun Hagu

Shekara goma sha ɗaya ke nan hoton Wendell Koskela ne ke hawa bangon kalandar ƙungiyarsu ta masu ɗaukar hoton namun daji a garin Duluth na Amurka, har ya fara ganin abin kamar gadon ubansa. To bana sai ga wata Doreen Maki, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, wadda ko shekara biyu ba ta yi da riƙe kyamara ba, ta kawo hoton dila yana hamma a kan ƙanƙara. Duk wanda ya gani sai ya yaba. Abin ya tsaya wa Wendell a rai, don a fili yake bangon bana zai suɓuce masa.

Ran Asabar da hantsi aka taru a ɗakin taron coci don kaɗa ƙuri'a. Ana cikin shan kofi Wendell ya miƙe, ya gyara murya.

"Jama'a, zamani ya lalace. Kullum sai ka ji an ba hoton da kwamfuta ta ƙaga kyauta. Ni ban kama sunan kowa ba." Yana faɗa yana kallon Doreen. "Duk mai son bango ya kawo katin kyamararsa, mu ga abin da ya ɗauka kafin hoton da bayansa."

"Kama sunan mana, dattijo, ai ba cizo nake ba," in ji Doreen, tana lalube a jaka.

Arlene, matar Wendell, ita ke kula da majigi. Ta sa katin Doreen. Hoto wajen ɗari uku: jelar dila, reshe, babban yatsan Doreen, jelar dila kuma, sannan hammar nan ta fito tas. Aka tafa. Wendell ma ya tafa, da yatsu biyu.

Da aka zo kan nasa hoton, na wata mujiya, ko gezau bai yi ba. Kyamararsa kati biyu take ci, duk abin da ya shiga ɗaya yana shiga ɗayan, shi kuwa tun ran Juma'a ya share wa guda abin da bai kamata a gani ba, ya sa shi a aljihun hagu na jakar kyamarar. Don maganar gaskiya, babu mujiyar da ke taso wa kyamara fukafukai a buɗe saboda ƙaunar mai ita. Ɓera ake sayowa a kanti, a ɗaura masa zare a ja mata. Dokar ƙungiya kuwa ta ce duk wanda ya yi wa tsuntsu haka korarre ne, kuma gogan naka ne ya rubuta ta da hannunsa.

"Arlene, na aljihun hagu."

"Na san shi," in ji ta.

Mujiya ta fito a bangon ɗakin, idanu jajir, aka yi ta jinjina kai. Arlene ta koma baya hoto ɗaya. Ga wani farin abu a ƙasa. Ta sake komawa. Farin abin nan da jela, da zare a ƙafa.

"Ya isa haka," in ji Wendell.

Ta ƙara dannawa. Sai ga mace durƙushe a cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, hanci ya yi ja, babu safar hannu, tana riƙe da bakin zaren. Jar hular da ke kanta ita ce yanzu a kan tebur, kusa da majigi.

Doreen ta ajiye kofinta a hankali.

"Baiwar Allah, kin ɗauko katin da ba shi ba," in ji Wendell.

"Shi na ɗauko." Arlene ba ta ko waiwayo ba, bango take kallo. "Shekara goma sha ɗaya ina ja maka ɓera cikin sanyi, arba'in ina aurenka. Wannan ne kaɗai hotona da ka taɓa ɗauka, shi ma jiya na ga ka share shi. Bari in ɗan kalla."