Kujerar Min Okech

Awino ta manna bakin na'urar awon haske a jikin ƙaton allon bidiyon, ta yi wa lambobin inuwa da tafin hannu, ta karanta. Nit dubu shida da ɗoriya. Talabijin ta ɗaki da ƙyar take wuce nit ɗari uku, in ka fito da ita tsakar gida da rana sai ta koma baƙin faranti. Wannan kuwa zai iya gardama da ranar yankin Siaya na Kenya ko da ta tsaya a tsakiyar kai.

Haske dai ya samu. Wurin da aka kafa allon ne yake ci mata tuwo a ƙwarya.

Jiya ta zo da shi daga Kisumu, inda take aikin kafa allunan taro, gunduwa-gunduwa a bayan mota, don jana'izar kawunta Owuor. Ta so ta kafa shi can jikin shinge, nesa da rumfunan. Jaduong' Odongo, wato Dattijo Odongo, ƙanin marigayin, ya ce atafau. Babban ɗa a kan mahaifinsa yake tsayawa ya yi bankwana. Tunda Okech yana Kanada ba takardun zama, in ya fito ba komawa, to allon da zai yi magana ta cikinsa shi zai tsaya a gurbinsa, dab da akwatin gawa.

"Jaduong', wannan allon na nesa ne," Awino ta ce masa. "Tsakanin kowane ɗigo da ɗan'uwansa milimita goma ne. A aikinmu kowace milimita mita guda ake ja mata da baya, shi ma mafi ƙanƙanta ke nan."

"To me ya hana ki kawo na kusan?"

"Na kusan na cikin ɗaki ne. Rana za ta shanye shi."

"'Yar garin Alego, ke ki ji da fitilunki, ni in ji da gidan yayana. Tun kafin uwarki ta yi haƙori nake binne mutane."

Haka aka kafa shi inda ya ce. Tsohon da yake riƙe da makirufo da jerin masu jawabi, ranar jana'iza ko gwamna bai kai shi ba.

Yanzu ga rumfuna sun cika maƙil, 'yan bodaboda sun jera baburansu a bakin ƙofa, mawaƙan coci sun rera har muryoyi sun fara dushewa. Can baya, ƙarƙashin mangwaro, mata suna tuƙa ugali, tuwon masara, cikin hayaƙi. A sahun farko kuma, gefen akwatin, Min Okech ce, wato uwar Okech, matar marigayin, zaune cikin farar riga da ɗankwali, allon ya yi mata rumfa kamar katanga. In ta miƙa sandarta za ta taɓa shi.

Ita ce damuwar Awino. Tun da Okech ya tafi, da gemunsa ko tsirowa bai gama yi ba, tsohuwar ba ta sake ganin fuskarsa ba. Ba don ba hali ba. Jikoki sun sha tura mata waya a gaban hanci, ta kau da kai. Muryarsa takan saurara, amma ta rantse ɗan da ta goya a baya ba za ta kalle shi a tafin hannun wani ba, ɗan tsito kamar ashana. Fushi ne, kowa ya sani, irin fushin da uwa take yi don kada ta yi kuka. Awino ce ta durƙusa gabanta a makon nan ta yi mata alkawari: ranar Asabar za ta gan shi ƙato, ya fi ƙofar ɗakinta. Shi kuma asuba ce a can, lokacin da ya samu kaɗan ne kafin ya fita aiki.

Fasto ya gama addu'a. Jaduong' Odongo ya gyara kwat, ya ɗaga wa Awino sanda. Ta danna maɓalli, allon ya kama.

Daga can bayan taron ihun ya taso. Matan girki suka saki muciya, wata ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo, Okech! Ku ga Owuor ya dawo!"

"Goshin ne sak! Har wushiryar!"

Kuka ya bi rumfunan baya kamar wutar daji, ya zo tsakiya ya rage, ya iso sahun manya ya mutu. Dattawa sun ɗaga haɓa suna ƙifta ido. Ba wanda yake so ya zama na farkon cewa bai ga komai ba.

"Mama," muryar Okech ta fito ta lasifika. Kyamarar tana saman allon, tana kallon sahun farko. "Mama, ga ki nan. Ina ganinki."

Min Okech ta dogara sanda ta miƙe. Matar da har yau take zura zare a allura da kanta, take tsince tsakuwa cikin ƙananan kifin omena ba tabarau, idonta bai rage mata komai ba. Ta dubi allon sama da ƙasa, ta juyo.

"Awino."

"Na'am, Mama."

"Muryar tasa ce. Ina shi?"

"Yana nan, Mama, sai dai..."

"Ni tsakuwoyi nake gani masu wuta. Wannan ne alkawarin naki?"

Awino ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa. Sai ta kama hannun tsohuwar ta kai shi jikin allon. Yatsun suka bi ƙananan ƙwayayen, jere a jere kamar masara a jikin totuwa.

"Matso da ido, Mama. Dubi guda ɗaya kawai."

Tsohuwar ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓawa. Ta daɗe a haka.

"Uku ne a ciki," ta ce a hankali. "Ja, da kore, da shuɗi."

"Su ke nan. Duk allon ba wani launi bayan su."

"Ɗana ba kore ba ne."

"A'a. Wata takan ƙara haske, wata ta rage, inda baƙi yake kuma su mutu gaba ɗaya. Fuskarsa ba ta jikin allon, Mama. Idonki ne zai haɗa ta, amma sai kin ba shi fili."

Awino ta faɗi wannan ga mutane da yawa a wurin aiki, ta faɗa har ya zama kamar gaisuwa. Yau da ta ga yatsan tsohuwar yana shafa ɗigo guda, wanda wataƙila gefen kunnen Okech ne, sai tsigar jikinta ta tashi. Mutum yana can bayan teku a ɗakin da ba ta taɓa gani ba, an farfasa shi ya zama ƙwayoyin wuta dubu-dubu, an watso su a tsakar gidan ubansa, suna jiran idon uwarsa ya tattara su. Abin ya ba ta tsoro, ya kuma ba ta sha'awa.

"Fili har ina?" Min Okech ta tambaya.

"Har wajen mangwaro."

Jaduong' Odongo ya manta makirufo yana hannunsa, don haka kowa ya ji. "Matar yaya, ba a yi haka. Mai takaba ba ta barin gefen mijinta sai an ɗaga shi. Ki koma cikin masu wanke-wanke, baƙi daga Nairobi suna kallo? Me za a ce da gidanmu?"

Min Okech ta dube shi yadda take dubansa tun yana yaro mai satar rake a gonarta.

"Odongo, yayanka ba inda za shi. Ni na sha jiransa a bakin tafki har kifi ya ƙare a kasuwa. Yau shi ma ya jira." Ta dafa murfin akwatin. "Ina zuwa, Owuor. Zan je in gano mana yaron."

Ba ta yarda ta juya wa allon baya ba. Da baya da baya ta riƙa tafiya, Awino tana riƙe da gwiwar hannunta, mutane suna janye kujeru da ƙafafu. Sun wuce sahun dattawa, ba komai sai ƙyalli. Sun wuce mawaƙa, tsohuwar ta ɗan tsaya.

"Kamar inuwar mutum a ruwa," ta ce.

"Ci gaba, Mama."

Suka fita daga inuwar rumfa, rana ta doke su, allon bai dushe ba ko kaɗan. Ramukan da ke tsakanin ɗigon suka fara cikewa. Jan da koren da shuɗin suka narke cikin juna, suka ba da launin da babu shi a ko ɗaya daga cikinsu, launin fatar mutanen gidan nan. Awino ta ji yatsun tsohuwar suna nutsewa a hannunta, kaɗan-kaɗan, har suka yi mata zafi.

A gindin mangwaro Min Okech ta tsaya cak. Sandar ta faɗi, ba ta bi ta kanta ba.

Ga shi nan, ya fi ƙofar ɗakinta. Goshin Owuor, wushiryar, tabon da ƙugiyar kifi ta bar masa a gira. Har ƙwallar da ta taru a idonsa ana gani.

"Furfura," ta ce. "Awino, furfura ce a gemun ɗana." Ta rufe baki da gefen ɗankwali, hawayen da ta hana kanta tun tafiyarsa suka zubo. "Wa ya ba shi izinin tsufa ban gani ba?"

Wata mai girki ta kife bokiti ta goge shi da zaninta. Tsohuwar ta zauna a kai, hayaƙi yana bi ta kanta, idonta bai bar allon ba. A can gaba wani dattijo ya miƙe kamar mai neman bayan gida, ya ɗauki kujerarsa ya yo baya. Wani ya bi shi. Jaduong' Odongo ya tsaya shi kaɗai da makirufo, yana satar waige.

A allon, fuskar Okech ta matso, idanunsa suna yawo hagu da dama. Kyamarar ba ta nuna masa komai sai akwati da farar kujera ba kowa a kai.

"Mama? Ina kika shiga? Kawu, ina Mama? Ban ganta ba."

Awino ta dafe kai. Ta manta da kyamarar sam. Ta yunƙura za ta ruga ta kwanto ta, tana lissafin ko igiyar kyamarar za ta kawo nan, sai ta ji an riƙe mata siket.

"Zauna, 'yata."

"Mama, ba ya ganinki. Lokacinsa zai ƙare."

"Ya gan ni ɗazu." Min Okech ta share ido da bayan hannu don kada hawaye su ɓata mata hoton. "Ƙyale shi ya ɗan neme ni. Dubi yadda yake ɗaga gira in yana nema, haka yake yi tun yana rarrafe."