Shehin Dubai na bakin tanderu

"Goge bidiyon nan," in ji Ibrahim Khalil.

"Na goge nawa tun jiya. Na wayoyin mutane fa? Gida-gida zan bi su?"

Ghali bai ɗago kai ba. Suna bayan gidan abincin da Khalil ke gasa gurasa a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a China, hucin tanderu na dukan fuska. Khalil mutumin Yaman ne. Yaƙi ne ya koro shi, Hausa kuma a bakin 'yan kasuwa ya tsince ta.

Matan Kano ba sa son abayar da aka ce 'yar China ce, sai 'yar Dubai. Ghali kuwa a nan Guangzhou yake saro tasa. Shi ne ya roƙi Khalil alfarma ya yi masa shigar attajirin Dubai don talla: farar jallabiya, hirami, baƙin tabarau, agogon aro. Khalil ya ɗaga abaya ya ce "Masha Allah," aka ɗauka a waya. Kaya suka ƙare ƙaf. Daga baya wani ya kwafi bidiyon ya manna masa rubutun Sinanci: attajirin mai, matansa huɗu, ya zo China neman ƙarin mata.

"Baban yarinyar ya gani," in ji Khalil. Wata Musulma 'yar ƙasar yake nema, magana har ta kai ga manya. "Ya ce ko dai a bidiyo na yi ƙarya, ko a falonsa."

"Haba Balarabe. Ranar ai har da taku irin na manya ka yi."

"Na yi. A labarai kullum da bam ake nuna mu. Na ce yau dai gara mai kuɗi."

Dariyar Ghali ta maƙale. Shi ya ɗora masa hiramin nan da hannunsa, har yana gyara masa zama.

"To tsaya yadda kake," ya ce. "Mu yi na gaskiya, a kai wa tsohon."

Ya ɗauka. Khalil ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce bai taɓa aure ba, ya nuna tabon ƙuna a damtsensa. Suka haɗa kai suna kallo. Wani mutum ne kawai, gari a gemu, zufa a wuya, yana manna ƙullu a bangon tanderu.

Khalil ya goge hannu a jikin riga.

"Ghali, tsakani da Allah, wannan wa zai tura wa wani?"