Sunan da Ke Kusurwar Hoto

A ofishin nan da ke saman shagon masu facin taya, inda ake tsara wa mutane shafukan intanet, Barkono suke kiranta, kuma wallahi ba su yi mata ƙage ba. 'Yar firit ce, amma in ta buɗe baki sai ka nemi ruwa. Aiki kuwa ta iya shi, shi ya sa Manaja yake haɗiye tsiwarta kamar magani.

Ran nan da hantsi Manaja ya tsaya a kanta yana kaɗa makullin mota. Wani likitan haƙori ne ya ba su aikin shafin asibitinsa, Manaja kuma ya samo hoton da za a sa a gaba: wani dattijo ya tuntsire da dariya, haƙora fari tas. Hoto ne mai rai, kai ka ce za ka ji sautin dariyar. A kusurwar ƙasa kuma ga sunan wanda ya ɗauka, da 'yan ƙananan haruffa.

"Goge ɗan rubutun nan ki ɗora," in ji Manaja. "Likita zai zo da la'asar."

"Yallaɓai, an nemi izinin mai shi?"

"Wane mai shi? A intanet na tsinta."

"Ai motarka ma a titi take. In na tsinta in wuce da ita?"

Dogo, abokin aikinta na teburin kusa, ya cusa kai a kwamfuta yana tarin ƙarya.

To, akwai abu biyu a zuciyar Barkono. Na farko, babanta mai ɗaukar hoto ne tun kafin a haife ta. Ta tashi tana ganin yana buga hatimin sunansa a bayan kowane hoto, ya hura tawadar ta bushe, sannan ya miƙa. Yanzu ido ya tafi, yana zaune a gida, kuma daga aikin nan nata ake sayen maganin ɗigawa. Na biyu, Manaja yana da wata al'ada da yake kira karamci: a ƙasan kowane shafi, sunan ma'aikacin da ya tsara ake rubutawa, ba nasa ba. Karamci ina! Bara da lauyan wani mai hoto ya hawo matakalar nan, Manaja nuna ƙasan shafi kawai ya yi, ya nuna wani ma'aikaci, Mai Gilashi, da ke zaune a lokacin a kujerar da take kai yanzu. Bawan Allah ya sha zaryar kotu, har yau babu mai ba shi aiki.

Duk da haka ta sassauta murya. Ta ce akwai hotunan da masu su suka yarda a yi amfani da su, bari ta nemo. Ko ta rubuta wa mai wannan ɗin ta roƙe shi. Ko ma ta ɗauki kyamara ta je asibitin da kanta. Manaja ya yi tsaki, ya ce likita ya riga ya gani, shi yake so, kuma shi ba zai tsaya fadanci a gaban wani mai hoto ba.

"To na ji," in ji ta. "Faɗo min cikakken sunanka in sa a ƙasan shafin, a cire nawa."

Makullin ya daina kaɗawa.

"Ba haka tsarinmu yake ba."

"Au! Ashe ka san wuta ce, hannuna kake son ɗauka da shi."

Nan fa ran Manaja ya ɓaci, har jijiyar wuya ta miƙe. Ya ce shi ya ɗauko ta tana yawo da takardu a rana, ya ce irinta goma suna jiran kujerar nan. Ƙarshe ya nuna ƙofa. "Ko ki goge, ko ki sauka matakalar nan, kada in ƙara ganin ƙeyarki."

Kada wani ya ce maka ba ta ji tsoro ba. Ta ji. Ta tuna 'yar kwalbar maganin Baba, wadda da safen nan sai da ta matse ta da ƙarfi kafin ɗigo ya fito. Fanka tana ta juyawa, a ƙasa mai faci yana dukan taya. Ta sa hannu a kan linzamin kwamfuta. Manaja ya saki murmushi, ya juya yana gyara wuyan riga.

Sai ta gangara can ƙasan shafin, ta goge sunanta tas, ta miƙe.

"Ga shi na goge suna ɗaya, Yallaɓai. Shi kaɗai nake da iko da shi."

Ta ɗauki jakarta da kofin shayinta. Manaja ya waiga wajen Dogo, Dogo ya ɗaga linzaminsa ta wutsiya ya ce ai tun safe yake masa gardama.

A gida ta tarar da Baba a kan tabarma, rediyo a kunne. Da jin takunta ya ce, "Auta, lafiya da rana tsaka?"

Ta zauna gefensa ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, har zancen magani. A nan ne muryarta ta karye, ta ji haushin kanta. Baba ya kashe rediyon.

"Shi mai hoton, kin san shi?"

"Ban san shi ba, Baba."

"Sunan nasa fa?"

"Har na fito yana nan."

Ya lalubo hannunta ya riƙe gam. Sannan ya miƙo mata kwalbar, ya ɗaga fuska sama, ya buɗe idanun.

"Matsa da kyau," in ji shi. "Akwai saura."