Yayen Sadiq a Ɗakin Mama Lami

"Kar ki fito, Maman Zainab, yana tsakar gida."

Muryar Mama Lami ke nan daga ƙofar ɗakinta, ni kuwa ina tsugune a bayan labule da buta a hannu, fitsari ya matse ni kamar in yi kuka. Na ce a raina, ni Aina'u yau na ga ta kaina. Gwamnati ta kulle Kano saboda korona, Mama Lami kuma ta kulle ni a ɗaki saboda ɗan da na haifa da cikina.

"Mama, banɗaki zan shiga," na faɗa ƙasa-ƙasa.

"Me kin ce?"

To ina za ta ji? Shekara ashirin da shida ta yi a gaban injin saƙa a wata masaƙa a Challawa, ƙarar ta cinye mata kunne. Sai an ɗaga murya take ji, ita ma in tana magana sai ka ce da mutanen bayan layi take yi. Ni kuma in na ɗaga tawa, Sadiq zai jiyo ni, komai ya ɓaci. Haka na ci gaba da matse ƙafa har ta ga dama ta shige da shi ɗaki.

Abin da ya jawo min wannan wulaƙanci, watan Sadiq goma sha bakwai na gane ina da cikin wata uku. Kunya kamar in nutse. Ga yaron ya fara zawo, ya fara ramewa, kuma tun muna yara muke jin manya na cewa in yaro ya sha ciki lalacewa yake yi. Dole a cire shi daga nono. Yayyensa biyu, Zainab da Musbahu, duk a Ringim aka yaye su wajen Innata. Ka kai yaro, ka juyo da hawayenka, bayan sati biyu a dawo maka da shi ya manta. To yanzu hanya a rufe, ko Sabon Titi mutum ba ya iya kaiwa balle Jigawa. Mijina Kamilu yana kamfanin da ake yin taliya, su an bar su suna aiki, a can suke kwana. Iyakarsa ya bugo waya ya ce, "Ki yi haƙuri, ki san dabarar da za ki yi." Sannu da ƙoƙari.

Mama Lami ce ta san dabarar, ba tare da na tambaye ta ba. 'Yar Pankshin ce ta jihar Filato, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta Joshuwa yana Jos, ita kaɗai ce a ɗakin da ke kallon nawa a gidan hayarmu na Panshekara. Ina wanke-wanke a bakin rariya ta tsaya a kaina ta ƙare min kallo.

"Ke, ciki ne da ke."

Da wannan murya tata, gida mai ɗaki tara ba wanda bai ji ba. Ban gama haɗiye takaici ba ta ɗora.

"Kawo yaron. Kwana bakwai. Kar ya gan ki, kar ya ji muryarki. In kin karya doka, mu koma farko."

Na ba ta shi ranar Alhamis. Da na san abin da na sa kaina, wallahi da na yi tunani sau biyu.

Yaye a wani gari daban ne da yaye a tsakar gida ɗaya. A Ringim ba na jin kukan. Nan kuwa a kunnena ake yi, daga safe har yamma. Aka ba shi koko ya tofar, aka ba shi kunun gyaɗa ya ture kofin, shayi da burodi ko kallo. Ita kuwa Mama ko a jikinta. Sai ta goya shi tana shara, yana tsala ihu a ƙeyarta, tana gaya wa matan gida, "Ya yi ta yi, ni ba na ji." Ni ce mai ji. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, da ya yi kuka sai rigata ta jiƙe.

Ga zafin watan azumi, ga girki a risho a cikin ɗaki, ga waɗancan biyun da babu makaranta babu Islamiyya. Musbahu, ɗan shekara huɗu, ya rantse ba abin da zai ci a duniya sai garau-garau, safe da rana da yamma, kuma wai shi zai zuba yajinsa da kansa. Zainab ita awara take so, mai awarar kuwa ta daina fitowa, don haka ni ce mai laifi. In an kawo wuta su yi dambe a kan tashar da za a kalla, in an ɗauke su haɗu a kaina. Rana ta biyu Musbahu ya je har ƙofar Mama ya durƙusa a gaban ƙaninsa.

"Sadiq, Umma tana ciki fa. Ɓuya ta yi."

Ba don Zainab ta toshe masa baki ba, da na manta ina ɓuya na fito na ci ƙaniyarsa.

Rana ta uku haƙurina ya ƙare. Muryar yaron ta dishe, kukan ma ba ya fita sosai. Na yaye labule na nufi ɗakinta. Ta hango ni, ta jawo ƙofa ta rufe shi ciki, ta tsaya a bakin ƙofar da muciya a hannu.

"Mama, ku ba ni ɗana. Na fasa."

"Ba ki fasa ba."

"Kwana uku bai ci abin kirki ba. Mutuwa zai yi?"

"Yana shan ruwa, yana fitsari, ina duba shi. Huɗu na yaye, ba wanda ya mutu a yaye. Koma ɗaki."

"Ɗana ne fa."

"Wa ya ce nawa ne? Koma."

Na koma ina ƙunƙuni, na ce wannan mata ba a banza ɗanta ya zauna a Jos ba. Na faɗa, Allah ya yafe min. Ta ma ji daɗi ba ta ji ba.

Washegari na jiyo wani ƙamshi mai tsami-tsami. Na leƙa ta hujin labule. Gwate take yi irin nasu, na acca da yakuwa da gauta da daka­kkiyar gyaɗa. Na ce oh ni, yaron da ya ƙi shayi mai madara shi za a ba wa wannan? Ashe ba ta da niyyar ba shi. Ta zuba a kwano, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta ajiye shi a ƙasa, ta juya masa baya tana sha tana lumshe ido. Ya yi kuka ya gaji. Ya zagayo gabanta, ta sake juyawa. Ya kama zaninta ya miƙa hannu, ta janye kwanon.

"Nawa ne. Je ka nemi naka."

Sai da ya yi ta bin ta kamar ɗan akuya sannan ta bar shi ya tsoma yatsa. Ya lasa, ya yamutsa fuska, ya sake tsomawa. Kafin a jima ya buɗe baki tana zuba masa da cokali.

Na yi hamdala, amma gaskiya kishi ya kama ni. Bai tsaya nan ba. Da rana Musbahu mai rantsuwa da garau-garau ya ɗauki kwanonsa ya tafi layin gwate, Zainab na biye da shi. Na zauna ni da tukunyar shinkafa da wake muna kallon juna.

Ranar Litinin, kwana na biyar, tana cikin ranakun da ake sassauta kulle, ita da Alhamis, mutane su fita cefane zuwa la'asar. Mama ta aiko Zainab da kwalin magani babu komai a ciki, wai na hawan jininta ne, ya ƙare tun wancan satin, in nemo mata. Na jira Sadiq ya yi barci na je taga na ɗaga murya iya yadda zan iya.

"Mama, ku je da kanku a auna ku. Ni zan riƙe shi."

"In na ba ki shi yau, aikin kwana biyar ya zube. Ki sayo yakuwa da gyaɗa, nawa ya kusa ƙarewa."

"A goya wa wata a gidan nan mana."

"Ba ya yarda da kowa. Je ki, rana tana yi."

Na ce to, ku yi yadda kuka ga dama. Na sa hijabi da takunkumi na fita. Panshekara kamar ranar jajibere, ko'ina turereniya. Kemis na farko a rufe. Na biyu babu. Na uku ya ce yana da wani iri mai aiki ɗaya, na ji tsoron sayo abin da ba shi aka rubuta mata ba. Akwai wani babba can gaba, amma jiri ya fara ɗibata, ƙafata ta kumbura, na ce ba zan iya ba. Na sayi yakuwa da gyaɗa na juyo.

Yakuwar ta fara dubawa, ta ce ta tsufa, an cuce ni. Da Zainab ta gaya mata ba a samu magani ba, ta ce, "Alhamis ma rana ce." Ni kuma haushin maganar yakuwar ya hana ni sake cewa komai. Wannan shirun nawa shi ne yake ci na har yau.

Talata ta yini da ɗankwali ɗaure tamau a goshi, ta ce kanta ke sarawa, zafin gari ne. Ba ta fasa girki ba, ba ta fasa yi min tsawa in na leƙo ba. Sadiq har dariya na ji yana yi.

Laraba kwana bakwai ke cika. Na yi wanka, na share ɗaki, na wanke 'yan kayansa, ina jiran yamma a miƙo min abuna. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na lura gidan ya yi tsit, ba muryarta. Sai ga Zainab ta ɗaga labule.

"Umma, Mama ta ƙi yin magana. Bakinta ya karkace."

Na fita da gudu. Tana zaune a kan kujerarta, tukunya na tafasa a murhu, Sadiq na goye a bayanta. Ta kife gaba a kan gwiwoyinta, ta dafa ƙasa da hannu ɗaya don kada ta faɗi ta baya da shi. Ɗaya hannun ya saki. Na durƙusa ina kiran sunanta. Ta ɗago ido ta gan ni, ta yi ƙoƙarin magana ta kasa. Sai ta shiga yi min alama da kai, tana nuna ɗakina. Wai in koma.

"Haba Mama, don girman Allah ku bar wannan maganar," na ce, ina kwance goyon, hawaye na zuba. Ko a lokacin sai da ta ba ni haushi.

Obadiya, maƙwabcinmu da suke coci ɗaya, shi ya samo mai adaidaita da ya yarda ya fita. Aka kinkime ta. Ni na tsaya da yara. Daga baya ya ba ni labari, shinge uku suka wuce da roƙo, asibitin farko ba a buɗe musu get ba, na biyu aka ce sai an yi gwajin korona. Suna hanyar na uku ta cika, kafin la'asar. Washegari, Alhamis, mutum tara suka kai ta maƙabartar Kiristoci. Joshuwa ta waya ya ji addu'ar, ba hanyar zuwa. Obadiya ya dawo ya sa kwaɗo a ƙofarta.

Tun da aka fita da ita Sadiq yake kuka. Na yi ta tunanin ranar da zai dawo hannuna zai maƙale ni ya ƙi saki, ashe ba haka ba ne. Na ɗauke shi ya banƙare, na goya shi ya zame. Na juye sauran gwatenta na ɗumama, ya ci cokali biyu a hannuna ya kawar da kai. Ranar Juma'a na gwada yin nawa, Musbahu ya ɗanɗana ya ce ba irin na Mama ba ne, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Sadiq ko baki bai buɗe ba.

Da hantsi muryarsa ta sake dishewa. Na zauna a bakin ƙofata na ɗora shi a cinya. Na gaji, ba wanda zai yi min tsawa, ba wanda zai tsaya min da muciya. Na ce ciki ko ba ciki ba, duk abin da zai faru ya faru. Na ɗaga riga na kai masa bakinsa.

Ya tsaya da kukan. Ya kalli nonon, ya kalle ni, yana ajiyar zuciya. Sai ya sa hannu ya ture, ya sulale daga cinyata. Ya taka dagwai-dagwai ya ratsa tsakar gida, ya je ƙofar Mama Lami ya bubbuga da tafin hannu. Da ba a buɗe ba, ya juya ya zauna a dokin ƙofar, ya jingina bayansa da ita.

Na sauke rigata. Muka zauna haka, shi a can ni a nan, rana na matsowa kan ƙafafunsa.