Ƙugun Mahunyon da gaisuwar surukai

Saura kwana tara Mahunyon ya je garin Abomey ya zube gaban mahaifin Huefa, goshi a ƙasa, kamar kowane mai neman aure. Amma ƙugunsa ya riƙe, ko sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba ya iyawa. Mako guda ya yi a kwance, babur ɗinsa na haya a jingine, ciwon kuwa sai ƙaruwa yake yi.

Huefa ce ta ja shi wurin Madam Dosu, likitar da ke gyaran gaɓoɓi da hannu a Kwatano. Ta kwantar da shi, ta bi bayansa da yatsu, ta lanƙwasa masa gwiwa a hankali.

"Ɗana, ina kake ɗora kwandunan fasinja?"

"A kan tanki, Mama."

"Kai kuma ka karkace kana leƙen hanya ta gefe, ko? Ka daina. Kwanciyar ma ta isa haka, tashi ka riƙa takawa."

Huefa ta ƙyalƙyale da dariya. "Ashe tsoho zan aura!"

Kullum da safe ya riƙa takawa bakin teku yana miƙe jiki yadda aka nuna masa, masu kwando kuma ya daina tsaya musu.

Da ranar ta zo, wata Asabar, ya durƙusa a hankali gaban mahaifin Huefa har goshinsa ya taɓa ƙasa. Dattijon ya ja gaisuwa, ya tambayi lafiyar dangi ɗaya bayan ɗaya. Da aka ce ya tashi, Huefa ta zuba masa ido daga bakin ƙofa. Ya miƙe da kansa, ba wanda ya miƙa masa hannu.